Kafin Ka Buɗe Kwamfuta: Yadda Ake Tsara Sake Fasalin Shafin Kamfanin Akantoci

Da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, aikin kuɗi na farko da zai faɗo mana bayan difloma ba zai wuce gina shafin intanet ko gyara wanda ya tsufa ba. Kamfanonin akantoci na cikin masu wannan buƙata yanzu, tunda sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, har hukumar FIRS ta koma NRS. Akantan da shafinsa ke maganar tsohon tsari har yau, ai kunya yake sha a gaban masu neman sa. Na yi SIWES ɗina na wata huɗu a wani ofishin gina shafuka a Kaduna, kuma cikin ayyukan da aka sa ni akwai na wani ƙaramin kamfanin akantoci. Abin da na koya game da tsara irin wannan aiki shi zan ɗan zayyano mana.

Ranar farko oga zai ce maka yana son shuɗi, yana son hotonsa babba, yana son shafin ya yi kama da na wani kamfanin Legas. Ka saurare shi da ladabi, ka rubuta, sannan ka nemi izinin zama da mai karɓar baƙi a ofishin. Ita ce ta san tambayoyin da mutane ke bugo waya suna yi kullum. A inda na yi aiki tambayoyin ba su da yawa: nawa ne rajistar kamfani a CAC, kwana nawa ake ɗauka kafin a samu takardar shaidar biyan haraji don neman kwangila, waɗanne takardu ake kawowa idan za a yi odit, sai kuma ina ofishin yake. To, kun ga shafin ya riga ya tsara kansa. Duk tambayar da aka maimaita ta cancanci gurbinta, da amsa a taƙaice da lambar waya a kusa.

Daga nan sai ƙidaya. Ka buɗe Excel ka jera duk wani shafi da ke tsohon gidan, da adireshinsa, ka rubuta a gabansa ko za a bar shi, ko a gyara, ko a zubar. Idan an taɓa haɗa shi da Google Search Console, duba waɗanda mutane suka fi shigowa ta kansu. Dalili kuwa shi ne Google ya riga ya san tsofaffin adireshin. Idan ka sauya su ba ka sa umarnin juyawa mai lamba 301 ba, wanda ke kai mai ziyara daga tsohon adireshi zuwa sabo, duk wanda ya latsa zai tarar da 404, kuma matsayin da kamfanin ya yi shekaru yana tarawa a sakamakon bincike sai ya zube.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, don lakcarori ba su cika taɓa shi ba: sunan shafi da imel. Tambayi oga, wa ya yi rajistar sunan shafin, kuma da imel ɗin wa? Sau da yawa za ka ji an ce wani yaro ne ya yi, ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Idan sunan ya ƙare da .ng ko .com.ng, yana ƙarƙashin NiRA ne, ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma sai an biya kuɗin sabuntawa in lokacinsa ya cika. Kada ka zana komai sai makullin asusun nan ya dawo hannun kamfanin, da sunan kamfanin. Kai ma in ka tashi yin sabo, kada ka sa naka sunan, amanar mutane ce. Sannan imel ɗin ma'aikata galibi a kan wannan suna yake rataye. Akwai bayanan da ake kira MX a cikin saitin DNS, su ke nuna inda wasiƙa za ta sauka. In ka kwashe shafi zuwa sabuwar saba ka bar su a baya, wasiƙun kamfani za su daina shigowa, kuma ba wanda zai ankara sai abokin hulɗa ya kira yana faɗa cewa ya turo takardun banki tun jiya. Kwafe dukan bayanan DNS ka adana, ka ɗauki kwafin tsohon shafin da tsofaffin wasiƙu, kafin ka taɓa komai.

Wani abin da ya bambanta akanta da mai sayar da atamfa shi ne ƙa'idar sana'a. Mambobin ICAN, wadda aka kafa a 1965, da na ANAN suna ƙarƙashin dokokin ɗa'a da suka hana zuzuta kai fiye da kima da kushe aikin abokan sana'a. Saboda haka kalamai irin su "mun fi kowa a Arewa" ba su da wuri. Jera sunayen abokan hulɗa ma sai da izininsu, don sirri shi ne jarin akanta. Abin da ya kamata ya fito fili shi ne sunayen shugabannin kamfanin, ƙungiyar da kowanne yake ciki, da ayyukan da suke yi. Kuma ni a ganina, kada mai gina shafi ya rubuta ko layi ɗaya a kan haraji da kansa. Akanta ya rubuta, ya sa kwanan wata, kai ka ɗora.

Fom ɗin tuntuɓa kuma yana tattara bayanan mutane, wanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafa. Nemi suna da lamba da abin da mutum ke so, shi ke nan, ka kuma sa bayanin yadda za a yi amfani da su. HTTPS dole ne, ga Let's Encrypt nan kyauta. Idan oga ya ce a sa wurin da za a riƙa ɗora takardun banki da na albashi, gaya masa gaskiya cewa wannan aiki ne daban mai tsaro daban da kuɗi daban. Kada a liƙa shi a jikin WordPress da wata manhajar kyauta da ba a san mai ita ba.

Batun zane ba zan ja shi ba, mun sha shi a aji. Fara da fuskar waya, rage nauyin hotuna, gwada a ƙaramar Tecno ko itel da data, ba a Wi-Fi ɗin ofis ba. In za a yi ɓangaren Hausa saboda 'yan kasuwar Kwari ko Kasuwar Barci, tabbatar salon rubutun da ka zaɓa yana fitar da ɓ, ɗ, ƙ daidai, in ba haka ba akwatuna za su fito a madadinsu.

Saura lokaci da yarjejeniya. Ofishin akanta yana da damina irin tasa: Janairu, lokacin miƙa bayanan harajin ma'aikata na shekara, da kuma Yuni, lokacin da kamfanonin da ke rufe littafi a Disamba ke cika wa'adin wata shida. A waɗannan watanni ba mai lokacin duba rubutunka, kuma tsayawar imel ta yini guda na iya jawo wa wani tara. Zaɓi wata mai sanyi, ka yi sauyin da yammacin Juma'a don ka samu Asabar da Lahadi na gwaji. A takardar yarjejeniya kuwa rubuta yawan shafuka, sau nawa za a yi gyara kyauta, wa zai kawo rubutu da hotuna kuma yaushe, rabin kuɗi kafin a fara, da wanda zai riƙa biyan kuɗin saba da na suna duk shekara. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.