Yadda za ki samo lantarki daga lakar kududdufi

Ƙanwata da ke sakandare a Balan, idan an ce ki kawo aikin gwaji na kimiyya, kayan aikinki suna bayan gari. Baƙar lakar ƙasan kududdufi tana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu fitar da lantarki yayin da suke cin ruɓaɓɓun ganyaye. Tun 1911 wani masanin tsirrai a Ingila, M. C. Potter, ya nuna ƙwayoyin halitta suna iya haka. A 1987 aka gano jinsin Geobacter, gwanayen wannan aiki, a lakar kogin Potomac na Amurka.

1. Gobe da sassafe ki ɗebo laka daga can ƙasa, mai baƙi da wari. Ƙwayoyin ba sa son iska, don haka ta sama ba ta da amfani. Ki zuba rabin bokitin roba.

2. Ki nemi tsofaffin batiran tocila irin Tiger Head guda biyu. Ki sa leda a hannu, ki zaro baƙin sandan tsakiya, ki wanke tas. Kada ki kuskura ki fasa batirin waya.

3. Ki ɗaura wa kowane sanda wayar wuta, ki rufe ɗaurin da narkakken kyandir. Nan mutane suke faɗuwa. Idan jan ƙarfen wayar ya taɓa laka zai yi tsatsa, ya cutar da ƙwayoyin, kuma mitar auna wuta ta nuna miki wutar da ba tasu ba.

4. Sanda ɗaya ki binne shi cikin laka. Ki zuba ruwan kududdufin a hankali, ki rataye na biyun a saman ruwa, yana taɓa ruwan yana kuma shan iska. Kada su taɓa juna.

5. Ki ari mita wurin mai gyaran rediyo a Gaya. Ki haɗa ta da wayoyin biyu, ki auna kowace safiya ki rubuta. Ki ba shi mako ɗaya zuwa biyu.

6. Ki yi bokiti na biyu da wasu sandunan da lakar da kika tafasa. Bambancin da za ki gani shi ne hujjarki gaban malami.

Abin da za ki samu kusan rabin volt ne, ba zai yi cajin waya ba. Amma da wannan dabara masu bincike na Bristol ta Ingila suka haska banɗakin wata makarantar 'yan mata a Kisoro ta Yuganda, da fitsari. Ki adana littafin awonki, ki roƙi malaminku ya kai ku jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ku nuna shi.