MALAM BUƊE-LITTAFI DA RIGUNANSA BIYU

Duk wanda ya saba ratsa gonakin bakin kogin Lamurde a Jalingo, ko gindin duwatsun Kona, ya san cewa malam buɗe-littafin da ake gani da damina ba kamarsa ɗaya da na rani ba. Akwai wani iri da masana ke kira Precis octavia. Wanda aka ƙyanƙyashe da damina ja ne jawur, da ɗigon baƙi a gefen fikafikansa. Wanda ya fito da rani kuwa baƙi ne mai sirkin shuɗi, yana son laɓewa a inuwar gaɓar rafi da kogunan duwatsu. Shekara da shekaru masana na ɗaukar su iri biyu ne dabam, sai a 1898 wani Bature mai suna Guy Marshall, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, ya yi kiwon ƙwan jan, ya ga shuɗin ya fito daga ciki. Ashe uwa ɗaya ce ta haife su.

Kada mai karatu ya zaci ƙwaron yana tuɓe riga ya sa wata. Launin da ya fito da shi, da shi zai mutu. Tun yana tsutsa ake yanke masa rigar.

Yadda Abin Yake Faruwa

Malam buɗe-littafi yakan bi matakai huɗu, watau ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ƙwanso, sa'an nan mai fikafikai. Tsutsar tana da ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ta kai ƙwayar gero ba. Wannan ƙwaƙwalwa ita ke tara labarin zafi da sanyi da tsawon yini. In lokaci ya yi, sai ta saki wani sinadari cikin jini, irin wanda likitoci ke kira homon, watau ɗan aike. Shi kuma sai ya tafi ya ta da wata halitta da ke ƙirjin tsutsar, ta fitar da sinadari na biyu mai suna ekdaison. Ekdaison ne ke sa tsutsa ta yi saɓa, shi ne kuma ke umurtar fikafikan da ke ƙulluwa a ɓoye su soma zane. Yawansa da lokacin da ya iso, su ne ke raba rigar damina da ta rani.

An tabbatar da haka a jikin wani ɗan ƙaramin iri mai launin ƙasa, Bicyclus anynana, wanda aka ɗebo daga Malawi a 1988 aka yi ta kiwonsa a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Tsutsar da aka raina a zafin digiri 27 takan fito da manyan zane kamar idanu a bayan fikafikai. Wadda aka raina a digiri 19 kuwa idanun sukan ƙanƙance, har su kusa ɓacewa. Da aka yi wa ta ɗakin sanyi allurar ekdaison a kan kari, sai ga ta da idanun damina. A Japan ma, tun cikin shekarun 1960, an gano cewa ƙwaƙwalwar wani iri tana fitar da nata sinadari na musamman mai kawo launin bazara, kuma tsawon yini ne ke motsa ta. Amma a Jalingo yini bai cika bambanta tsakanin rani da damina ba, saboda haka zafi da sanyi da kyawun ciyawar da tsutsa ke ci sun fi tasiri.

Dangin wannan Bicyclus suna da yawa a Nijeriya, kuma hikimar rigunansu a fili take. Da damina ciyawa kore ce, ƙwaron na yawon neman abokin barbara, ba shi da halin ɓuya. In ƙoƙi-ƙoƙi ko tsuntsu ya kawo sara, idanun ƙaryan nan yakan nufa, ya yage gefen fiffike, mai shi ya tsira da ransa. Da rani kuwa sai ya lafe cikin busassun ganye, ya saje da su, ya dakatar da haihuwa har ruwa ya sauka.

Abin Da Ya Shafi Manomi

A nan ne ƙunar daji take yin ɓarnar da ba a gani. Wutar da ake cinnawa da hunturu domin farautar gafiya tana cinye ganyen da waɗannan ƙwari ke kwance a ciki, alhali su ne za su yi ƙwan farkon damina. Malam buɗe-littafi da dangoginsa suna taya ƙudan zuma ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, tsutsotsinsu kuma abincin tsuntsaye ne. Ya kamata masu unguwanni da malaman gona su ja kunnen jama'a, a riƙa barin kurmin bakin rafi ba a ƙona ba.

Sanin ekdaison ya kuma haifar da wasu magungunan feshi masu kwaikwayonsa, waɗanda ke tilasta wa tsutsa saɓa ba lokacinta ba, ta daina ci ta mutu. Ana amfani da irinsu a kan tsutsotsi masu ɓarna, kamar tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Sai dai maganin bai san tsutsar ɓarna da ta malam buɗe-littafi ba. Don haka a fesa shi a kan amfanin gona kaɗai, gwargwadon awon da malamin gona ya faɗa, kada a bari iska ta kai shi ciyawar gefen gona.