Amsoshin Tambayoyinku: Kora da 'Yan'uwanta

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya ko kora da hana shiga abu ɗaya ne. Malam, mun gode, kuma akwai bambanci. Wanda ya riga ya shigo shi ake kora. Wanda yake bakin ƙofa kuwa tare shi ake yi, a hana shi shiga.

Ita kora tana sauya kama. Ka kori akuya daga gona, ta yi can. Ka koro ta, ta nufo inda kake. Ka kore kaji, babu sauran ko ɗaya a wurin. In da ƙarfi da tarwatsawa, sai a ce sojoji sun fatattaki 'yan bindiga. Wanda hukuma ta mayar ƙasarsu, an tasa ƙeyarsa. A wurin aiki kuma, "an sallame shi" ya fi "an kore shi" sauƙi a kunne.

Wadda ta fi ciwo a ganina ita ce kora da hali: ba a ce wa baƙo tafi ba, amma an ɗaure fuska, an rage abinci, har ya tattara kayansa da kansa.