Darasi: Yadda Ake Haƙo Mai Daga Ƙarƙashin Teku

Darasinmu na wannan wata a kan mai ne. Kowa ya san fetur da kananzir da gas na injin niƙa. Dukkansu daga ɗanyen mai ake tace su. Wani ɗanyen man a kan tudu ake haƙo shi, wani kuma a ƙarƙashin teku. Yau na teku za mu duba.

A Nijeriya an fara samun mai a 1956, a ƙauyen Oloibiri da ke Jihar Bayelsa ta yanzu. Wannan a kan tudu ne. Daga baya masu neman mai suka shiga teku, suna ƙara nisa da gaɓa. Bari mu ɗauki misali da wani filin mai da ake kira Bonga.

Ina Bonga yake?

Bonga yana cikin teku, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja Dalta. Daga can ba a hango ƙasa. Zurfin ruwan wurin ya wuce mita 1,000, wato ya fi gaba 500. Ku kwatanta da igiyar gugan rijiyar garinku. Kuma man ba cikin ruwan yake ba. Sai an kai ƙasan teku, sannan a fara huda dutse.

Yaya man yake a can?

Wasu na zaton tafki ne na mai a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka ba ne. Man yana cikin ƙananan kofofin dutse, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. Tare da shi akwai iskar gas da ruwan gishiri.

Mataki na ɗaya: nema

Jirgin ruwa yakan bi saman teku yana aika ƙara mai ƙarfi zuwa ƙasa. Ƙarar ta bugi duwatsu ta dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Na'urori su ɗauki abin da ya dawo. Masana su duba, su ce ga inda ake sa ran mai. Amma ba a tabbatarwa sai an haƙa rijiyar gwaji. Sau da yawa akan haƙa a tarar babu komai, kuɗi sun tafi a banza.

Mataki na biyu: haƙa

Aikin ya yi kama da haƙa burtsatse, sai dai injin a kan jirgin ruwa yake. Ana jona bututu bisa bututu har su kai ƙasa. Ana dasa bututun ƙarfe cikin ramin, a liƙe shi da siminti don kada ya rufta. A bakin rijiyar, can ƙasan teku, akan sa manyan makullai na buɗewa da rufewa. Mutum ba zai iya nutso zuwa wannan zurfi ba. Na'urori ne ake sarrafawa daga sama suke yin aikin.

Mataki na uku: ɗebo man

A Bonga akwai wani ƙaton jirgi da aka ɗaure wuri ɗaya. Tsawonsa ya kai mita 300, kamar filin ƙwallo uku a jere. A Koriya ta Kudu aka ƙera gangar jikinsa, aka ɗora masa injuna a Ingila. Mai yana hawowa cikinsa ta bututu. A nan ake raba mai da gas da ruwa. Gas ɗin a tura shi ta bututu zuwa tsibirin Boni a Jihar Ribas. Man kuma a adana shi a cikin jirgin, har jirgin dakon mai ya zo ya kwasa. Ana kuma ɗura ruwa cikin dutsen don ya riƙa turo man sama.

An gina jirgin don ya iya karɓar ganga 225,000 a rana, ya kuma adana ganga miliyan 2. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ma'aikata sukan yi makonni a kansa. Jirgi mai saukar ungulu ke kai su ya dawo da su.

Kamfanin Shell ne ke gudanar da Bonga. An gano man a tsakiyar shekarun 1990, amma sai a Nuwamba 2005 aka fara ɗibarsa. Kusan shekara 10 ke nan ana kashe kuɗi ba a sayar da ko ganga ɗaya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai haɗari

A Disamba 2011, ana cikin loda wa wani jirgin dako mai, sai bututu ya yi yoyo. Kimanin ganga 40,000 suka malale cikin teku. Masuntan gaɓa suka koka a kan kifinsu da tarunsu. Teku ga masunci kamar gona ce ga manomi.

Me ya shafe mu?

Kamfani yana cire kuɗin da ya kashe da rabonsa. Gwamnati tana karɓar haraji da nata kason. Kuɗin suna shiga Asusun Tarayya. Kowane wata ana raba su tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Ashe albashin malamin makarantar garinku da maganin asibitinku suna da alaƙa da wannan teku.

Amma ku lura. Gona in ta sami taki, baɗi ma za ta bayar. Rijiyar mai ba haka take ba. Gangar da aka ɗiba ta tafi ke nan. A 2023 man da aka ɗiba a Bonga ya cika ganga biliyan 1. Wata rana zai ƙare. Don haka ya kamata kuɗinsa su koma abin da zai daɗe: hanya, ruwan sha, asibiti da dam na noman rani. Haƙƙinku ne ku tambayi kansilanku nawa aka turo wa ƙaramar hukuma, da abin da aka yi da su. Kada rijiya ta bayar, guga ya hana.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara ɗibar mai a Bonga?
2. Lita nawa ce ganga ɗaya?
3. Ina bambancin gona da rijiyar mai?