Kula da Fihirisar Littattafai ta Hanyar Jadawalin Kwamfuta

Ɗakin karatu komai yawan littattafansa, idan ba shi da fihirisa ingantacciya, tamkar rumbu ne da ba a san abin da ke cikinsa ba. A da, kowane littafi yana da katinsa a cikin akwati, ɗauke da sunansa da na marubucinsa da shekarar bugu. A yau ana ajiye waɗannan bayanai a intanet, inda ɗalibi zai iya neman littafi ko daga gida. Wannan darasi zai bayyana yadda ake gyara irin wannan fihirisa da jadawalin kwamfuta, da kuma kurakuran da ke iya ɓata aikin shekaru cikin ɗan lokaci.

Mene ne jadawalin kwamfuta?

Shafi ne da aka rarraba gida-gida, da layuka na kwance da na tsaye. Dan Bricklin da Bob Frankston ne suka fitar da VisiCalc a Amurka a 1979, manhajar da ta fara yaɗa wannan tsari a ƙananan kwamfutoci, sannan Excel ta fito a 1985. A fihirisa, kowane layi na kwance littafi ɗaya ne, kowane layi na tsaye kuma bayani iri ɗaya ne: suna, marubuci, maɗaba'a, shekara ko lamba. Galibi ana musayar jadawalin a tsarin CSV, wato rubutu zalla wanda waƙafi ke raba bayanansa.

Matakan aiki

Da farko ana sauke fihirisar daga intanet zuwa kwamfuta. Kafin a taɓa komai, a ajiye kwafi guda mai ɗauke da kwanan wata, domin shi ne madogara idan aiki ya ɓaci. Sai a yi gyara a kwafi na biyu, ba tare da sauya sunayen layukan tsaye ba, saboda da su manhajar ke gane inda kowane bayani zai shiga. Daga nan a gwada ɗora layuka biyar ko goma, a duba sakamakon, kafin a ɗora sauran.

Manhajar tana gane littafi ne da wata lamba da babu littafin da ya yi tarayya da shi a cikinta. Idan ta tarar da lambar a fihirisa, sai ta sabunta bayanin. Idan ba ta tarar ba, sai ta buɗe sabon gurbi. Don haka kuskure a lamba kan sa littafi ɗaya ya bayyana sau biyu, ko bayanin wani ya danne na wani.

Lambar ISBN

Lambar da aka fi dogaro da ita ita ce ISBN. Tana da alƙaluma 10 a da, amma tun daga Janairun 2007 ta koma 13. Alƙalami na ƙarshe na tantancewa ne: a ninka alƙaluman da 1 da 3 bi da bi, a tara, idan 10 ta raba jimillar ba saura, lissafi ya yi daidai. Misali, 9780306406157 tana ba da 100. Littattafan da aka buga kafin a ƙirƙiro ISBN, kamar bugun farko na *Ganɗoki* na Bello Kagara a 1934, ba su da ita, sai ɗakin karatu ya ba su lambar shiga ta kansa.

Tarko uku

Na farko, Excel kan ɗauki ISBN a matsayin adadin lissafi, ta taƙaita ta. Littattafan Nijeriya da dama suna farawa da 978978, saboda haka ɗaruruwansu kan koma 9.78978E+12. Idan aka adana CSV a haka, sauran alƙaluman sun tafi. Haka nan sifilin farkon lamba kan ɓace. Maganinsa shi ne a shigo da layin lambobi a matsayin rubutu.

Na biyu ya shafi baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan ba a adana fayil a tsarin UTF-8 ba, *Ganɗoki* kan koma *Gan?oki*, mai nema kuwa ba zai same shi ba alhali yana kan kanta.

Na uku shi ne iyakar layuka. Tsohon tsarin XLS ba ya wuce layi 65,536, shi kuwa XLSX yana ɗaukar 1,048,576. A 2020, amfani da tsohon tsarin ya sa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake bayanan mutane kusan 16,000 da suka kamu da korona, aka yi jinkirin bibiyar waɗanda suka yi cuɗanya da su.

Kammalawa

Bayan kowace ɗorawa, a ƙirga layuka, a kwatanta da adadin da ake sa rai, domin rigakafi ya fi magani. Malami na iya sa ɗalibai su tsara jadawalin littattafai 20 na makarantarsu, su tantance kowace ISBN da hannu, su adana shi a CSV, sannan su sake buɗe shi su nemo abin da ya sauya.