Amsoshin Tambayoyinku: Zane da Natsuwa

Wani ɗalibin tsangaya daga Roni, a masarautar Kazaure, yana tambaya: "Wai mabiya addinin Buda na neman natsuwa ta hanyar zane?"

Haka ne, malam. A Tibet, malamansu kan shafe kwanaki suna zuba rairayi mai launi kaɗan-kaɗan har zane ya kammala, sannan su share, su zuba a kogi, don tuna cewa duniya ba matabbata ba ce.

Aƙida ta bambanta, amma natsuwa ba baƙuwa ba ce a tsangaya. Dubi mai zayyanar allon sauka: alƙalamin gamba a hannu, tawada a gefe, ido bai barin allo. Dubi alaramma mai rubuta izu sittin da ka. Natsuwa ce uwar aikin. Allah ya ƙara basira.