DARASIN IYALI: ALMAJIRINKA NA FARKO YANA CIKIN GIDANKA

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 2 Timoti 1:3-5, Afisawa 6:1-4



Ran da kuka kawo jaririnku majami'a domin baftisma, kafin a zuba masa ruwa, Fada ya tambaye ku ko kun gane nauyin da kuke ɗauka na renonsa cikin bangaskiya. Kuka amsa a gaban jama'ar Allah cewa kun gane. Darasinmu na wannan wata yana kan wannan alkawari ne. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka mun cika shi muddin muna tura yara katekisim muna kuma biyan kuɗin makaranta. To, mu yi lissafi. Mako yana da sa'a 168. Misa ta Lahadi da ajin katekisim, in an haɗa su, da ƙyar su kai sa'a huɗu. Sauran lokacin yaro yana hannun wa? Duk wanda yake da sauran lokacin, shi ne malaminsa na ainihi.

Abin da marinar Ƙofar Mata take koya mana

Wanda ya taɓa shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata ya ga rijiyoyin rini da ake cewa an kafa tun 1498. Sana'ar ta wuce shekara ɗari biyar, amma ba a taɓa gina mata aji ko allon bango ba. Yaro yana bin ubansa marina tun yana ƙarami. Yana gani ana zuba baba da toka cikin ruwa, ana barinsu kwanaki har su nuna. Yana gani ana tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska, a sake tsomawa, a sake ɗagawa. Tsomi ɗaya ba ya ba da launi mai kama jiki. Yawan maimaitawa ne yake sa shuni ya zauna. Kafin yaron ya ankara, hannunsa ya rine kamar na ubansa, sana'a ta shige shi. Haka maƙera da dukawa da masaƙa suka riƙe sana'o'insu a unguwannin birni, kowane gida yana miƙa wa na baya.

Wannan shi ne almajiranci. A garin nan kowa ya san kalmar almajiri, ita ce kuma kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa yake kiran mabiyan Yesu da ita. Almajiri ba mai zuwa ya saurari wa'azi ya koma gida ba ne. Yana zama tare da malaminsa, yana ganin yadda yake ci, yadda yake addu'a, yadda yake yi in an ɓata masa rai. Haka Ubangijinmu ya yi da sha biyun nan: ya kira su domin su zauna tare da shi tukuna, kafin ya aike su (Markus 3:14). Uba da uwa, kuna da waɗanda suke zaune tare da ku dare da rana. Ko kun so ko ba ku so ba, kuna almajirtar da su. Tambayar ita ce, da wane launi kuke rina su?

Abin da Nassi da Ekklesiya suka koyar

A Maimaitawar Shari'a sura 6, Musa bai miƙa koyar da yara ga firistoci ba. Ya ɗora shi a kan iyaye. Ya fara da cewa maganar Allah ta zauna a zuciyar babba tukuna, sa'an nan ya ambaci lokatai huɗu na koyarwa: zaman gida, tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ku lura, babu ko ɗaya daga cikinsu da yake bukatar gini ko kuɗi.

Ekklesiya ba ta sauka daga kan wannan koyarwa ba. Majalisar Vatikan ta Biyu ta kira iyalin Kirista ekklesiya ta cikin gida a 1964, a 1965 kuma ta bayyana cewa iyaye su ne malamai na fari kuma mafi girma ga 'ya'yansu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya rubuta a wasiƙarsa kan iyali ta 1981 cewa wannan hakki ne da ba a iya sallama wa wani gaba ɗaya, ba kuma wanda yake da ikon ƙwace shi. Katekisim na Ekklesiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi bayaninsa daga lamba 2221 zuwa 2231. A 1995 kuma, bayan taron bishop-bishop na Afirka, aka ƙarfafa mu mu dubi Ekklesiya kanta a matsayin iyalin Allah.

Kada wani ya fahimci wannan a baibai. Ba cewa ake a cire yara daga makaranta ba. Dokar ƙasa ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare, Ekklesiya kuwa ta daɗe tana gina makarantu. Sistocin St Louis sun zo Kano daga Ailan a 1948 domin wannan aiki. Fada, da katikis, da malamin aji, duk mataimaka ne masu daraja. Amma mataimaki ba ya zama mai gona.

Inda babu ƙararrawa

Wannan magana ta fi shafarmu mu da muke Kano. Bayan Turawa sun ci garin a 1903, ba su yarda 'yan mishan su kafa aiki cikin ganuwa ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi suka yawaita, aka zaunar da su a Sabon Gari, a can majami'u suka tashi. Babbar majami'armu ta Uwargidanmu ta Fatima tana bayan ganuwa. An yanke Kano daga Kaduna a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999. Saboda haka Kiristan da aiki ko haya ya zaunar da shi a unguwannin birni ko kewayensu, yaransa ba sa jin ƙararrawa da safe. Abokan wasansu Musulmi ne. A makarantu da dama ba za su sami mai koya musu darasin addinin Kirista ba. Haka yake ga 'yan'uwanmu na ƙauyuka, waɗanda iyayensu Maguzawa ne, inda Fada yakan daɗe bai kewayo ba. A irin wannan wuri, in gida bai koyar ba, to, ba mai koyarwa.

Mu dubi maƙwabtanmu da idon basira. Tun da asuba uba yana tashin ɗansa salla. Da hantsi yaro yana rungume da allonsa a zauren malam. Yarinya tana koyon alwala wurin uwarta kafin ta iya kirga kuɗi. Ba su bar wa ranar Juma'a kaɗai ba. Ekklesiya ta koya mana mu dubi Musulmi da girmamawa, a nan kuwa akwai abin koyi. Kiran salla da muke ji sau biyar a rana yana iya zama mana tuni: ni fa, yaushe na tara nawa yaran gaban Allah?

Tarihin birnin nan ma yana da abin da zai gaya mana. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Aka kashe shi a kasuwar birni, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Su ba Kirista ba ne. Ba su da Bishara a hannu, ba su san baftisma ba. Amma ɗan abin da suka riƙe sun gaya wa 'ya'yansu, 'ya'yan suka gaya wa jikoki. A 1913 waɗansu samari daga zuriyarsu suka je wurin Likita Walter Miller, ɗan mishan na Angalikan, a Zariya, suna neman ƙarin sani game da Isa. Daga nan aka kafa ƙauyen Kirista na Gimi, zuriyarsu kuma tana cikin waɗanda suka raya Wusasa.

A ƙasar Japan an ga abin da ya fi wannan. An kori firistoci a 1614, aka haramta bangaskiya. A 1865 waɗansu ƙauyawa suka shiga sabuwar majami'ar baƙi a Nagasaki, suka shaida wa Fada Petitjean cewa su ma Katolika ne. Kimanin shekara 250 ba Misa, ba Fada, amma suna yi wa jariransu baftisma, suna kiyaye ranakun idi, suna koya wa yara addu'o'i a ɓoye cikin ɗaki. Mu da muke da Fada da katikis da Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu, wane uzuri za mu kawo?

Yadda za a fara

Na ɗaya, a tsai da lokacin addu'ar iyali. Bayan tuwon dare ya fi sauƙi ga yawancin gidaje. A kashe talabijin, a ajiye waya, har ta maigida. Minti goma ya isa a farko: alamar gicciye, Ubanmu, A Gaishe Ki Maryamu, ɗan karatu daga Bishara, sa'an nan kowane yaro ya ambaci wanda yake so a yi wa addu'a. Gajeriyar addu'a ta kullum ta fi doguwa ta sau ɗaya a wata. A watan Mayu da na Oktoba a ƙara da rosari.

Na biyu, a mai da hanya aji. In ana dawowa daga Misa, ko a ƙafa ko cikin a-daidaita-sahu, uba ya tambayi yara abin da aka karanta. Wanda ya tuna a yaba masa. Wanda ya manta a ba shi labarin da Hausa mai sauƙi, yadda kaka take ba da tatsuniya.

Na uku, a amsa tambayoyin yara. Wata rana ɗanku zai dawo ya ce abokinsa ya tambaye shi don me muke cewa Yesu Ɗan Allah ne, ko don me muke ajiye siffar Maryamu a ɗaki. Kada ku kore shi, kada kuma ku zagi addinin abokin nasa. Ku bayyana masa cewa ba haihuwa irin ta mutum ake nufi ba, Allah ɗaya ne, ba mu kuma yi wa Maryamu sujada, girmama ta muke yi. Abin da ya fi ƙarfinku, ku tafi tare da shi wurin katikis. Yaron da ya ga ubansa yana neman sani ya koyi babban darasi. Manzo Bitrus ya umarce mu mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16).

Na huɗu, wanda ya fi duka, a gyara hali. Yaro yana jin abin da kuka faɗa, amma abin da kuka yi shi yake bi. Uwar da take tauye mudu a gaban 'yarta ta rushe katekisim na shekara guda. Uban da ya ce a gaya wa mai bin bashi ba ya nan, alhali yana ɗaka, ya koyar da ƙarya. Haka nan uban da ya nemi gafarar matarsa a gaban yara ya koya musu tuba fiye da kowane wa'azi, ranar da za su fara furta zunubi wurin Fada ba za ta zame musu baƙuwa ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Bulala tana iya sa yaro ya durƙusa, ba ta iya sa shi ya ƙaunaci Allah.

Ga waɗanda suke ɗauke da kayan su kaɗai

Akwai gwauraye a cikinmu, da matan da mazansu ba sa zuwa majami'a, da kakannin da aka bar wa jikoki. Ku tuna da Timoti. Ubansa Bahelene ne, bangaskiya ta iso gare shi ta wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki. Akwai kuma iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ɗa ya girma ya juya baya. Ku tuna da Waliyiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa, daga ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Mijinta ba Kirista ba ne sai dab da mutuwarsa. Ɗanta Augustin ya bi wata koyarwa dabam shekara da shekaru, tana binsa da addu'a da hawaye, har aka yi masa baftisma a Milan a 387, shekarar da ta rasu. Bishop Patrick Sheehan, bishop na farko na dayosis ɗinmu, da Bishop John Niyiring da ya gaje shi a 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyi Augustin ne. Ashe haƙurin uwa ɗaya ya kai har Kano.

Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar maza su lura da irin waɗannan gidaje. Iyayen baftisma kuma su tuna cewa aikinsu bai ƙare da cin shinkafar biki ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace addu'a ce ka fara koya, wa ya koya maka ita?
2. Cikin lokatai huɗu da Musa ya ambata, wanne ne ya fi sauƙi a gidanku, wanne ne kuka yi sakaci da shi?
3. Wane hali ne kake gani a wurin ɗanka wanda ka san daga gare ka ya ɗauka?
4. Wane gida ne a unguwarku yake bukatar taimakonku cikin wannan aiki?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai ne ka ba mu amanar 'ya'yan nan. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka fara da zukatanmu, domin abin da suke gani a gare mu ya jawo su wurin Ɗanka. Ka tsare gidajenmu da na maƙwabtanmu cikin salama. Iyali Mai Tsarki na Nazarat, ku yi addu'a dominmu. Amin.